Anti, kati ɗaya amma caji ta ko'ina

Wannan satin saƙon wata ƙanwarmu zan ɗauka, na taƙaita shi dan yana da tsawo sosai. Ga abinda tace:

"Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara kaina ya kulle. Wata huɗu kenan da na karɓi katin bashi daga bankina, na haɗa shi da wata manhajar biyan kuɗi ta intanet saboda ina siyan kwasa-kwasai da kayan aikina ta onlayin. Watan jiya na turawa ƙanina da ke karatu a waje dala 200 ta manhajar, sai naga manhajar ta cire nata, banki ma ya cire nashi, kuma harda kuɗin ruwa alhali na biya bashin duka kafin ranar da suka sa. Sannan akwai ranar da zan siyi wani abu aka ce biya bai shiga ba, na sake dannawa har sau uku, yanzu sau uku nake ganin an cire. Ga wani kamfani da na shiga gwajin kyauta tun tuni, ashe duk wata cirewa suke. Ban faɗawa maigidana ba dan shi ya ce kar na karɓi katin tun farko. Anya ba sata suke min ba? Ji nake kamar in karya katin in huta."

Wa'alaikissalam ƙanwata, sannu da wannan damuwa. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abu na farko da nake so ki saka a ranki shine ki ajiye almakashi, kar ki karya katin yanzu, dan karya shi baya goge bashin da ke kansa kuma baya tsayar da masu cirewar wata-wata ɗin nan, lambar suke riƙe da ita ba robar ba. Kuma wani kuɗin da kike jira ya dawo ta cikin wannan katin zai dawo. Na biyu, daga abinda kika rubuta banga sata ba. Abinda na gani shine caje-cajen da suke a rubuce cikin yarjejeniyar da kusan dukkanmu muke danna "na yarda" bamu karanta ba, sai kuskure ɗaya na gaggawa wanda galibi yana gyara kansa. Ruwa baya tsami banza, kowanne a cikin ukun akwai dalilinsa, bari mu bi su.

Zan fi daɗewa akan maganar ƙaninki dan ita ce ta fi cin mutane kuma ita ce aka fi rashin ganewa. Kinga duk sanda kika biya da katin bashi ta wata manhaja, ba hannu ɗaya kuɗin ke bi ba. Akwai manhajar, akwai kamfanin da tambarinsa ke jikin katin wato irin su Visa ko Mastercard, sannan akwai bankin da ya baki katin, wanda shine ainihin mai bada bashin. Kowa da tsarinsa kowa da cajinsa, kuma babu wanda zai tsaya ya faɗa miki abinda ɗayan zai cire. Manhajar zata nuna miki nata kafin ki danna, na banki kuwa sai dai ki ganshi daga baya a takardar bayanin asusu. Shi yasa kika ji kamar an miki kwanton ɓauna.

Toh idan kaya kika siya a wajen ɗan kasuwa, a al'adance shi mai kayan ne ke biyan cajin manhajar ba ke ba, ana cire masa daga cikin kuɗin da ya shigo masa. Amma idan mutum kika turawa kuɗi haka kawai, babu ɗan kasuwan da zai ɗauki nauyin, sai ya dawo kanki. Misali a Amurka manhajojin Venmo da Cash App duk kashi 3 cikin 100 suke caji idan da katin bashi aka tura, PayPal kuma kashi 2.9 da ɗan wani ƙaramin kuɗi a kai idan aka turawa 'yan'uwa ko abokai da kati, tsallaka ƙasa kuma da nashi ƙarin. Wannan na manhaja kenan.

Na banki ya fi zafi. Duk wata mu'amala da ta bi ta kati tana ɗauke da wata lamba mai alƙaluma huɗu da ke faɗawa banki wane irin waje aka kashe kuɗin, ta kantin magani daban, ta jirgi daban, ta tura kuɗi kuma daban, 4829 ce ta masu tura kuɗi. Bankuna da yawa in suka ga irin wannan lambar basa ɗaukarta a matsayin siyayya, suna ɗaukarta kamar kin je injin ATM kin zari tsabar kuɗi da katin bashi, abinda zaki gani a takarda an rubuta masa kash adbans. Shi kuma wannan abu uku yake zuwa da su a lokaci ɗaya: akwai cajin nan take wanda yawanci kashi 3 zuwa 5 ne ko wani mafi ƙarancin adadi da suka yanke, akwai kuɗin ruwa da ya fi na siyayya tsada, sannan babbar matsalar, ba shi da kwanakin rangwame. A siyayya idan kina biyan bashinki duka kowane wata kafin ranar ƙarshe, ba ruwa a kanki, a Amurka ma dokar 2009 ta wajabta a bada aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takarda da ranar biya. Amma a zarar tsabar kuɗi ruwan yana fara tafiya ne tun ranar da aka tura, kullum ƙirga yake. Wannan ne amsar tambayarki ta yaya aka yi kika biya duka amma kika ga ruwa. Baki makara ba, ba kuma kuskuren lissafi suka yi ba.

Mu ɗan yi lissafin da dala 200 ɗinki dan ki gani ido da ido. A ce manhajar kashi 3 ta ɗauka, dala 6 kenan, ya zama 206 aka ɗorawa katin. A ce bankin kashi 5 yake ɗauka akan wannan, kusan dala 10 da ɗigo 30. Kin ga tun kafin ruwa ya shigo, tun kafin a taɓa maganar canji, sama da dala 16 sun tafi akan 200. Kuma ki duba takardar wata mai zuwa ma, dan sau da yawa akwai ɗan ragowar ruwa na kwanakin da ke tsakanin ranar da aka buga takarda da ranar da biyanki ya shiga, in kin ganshi ki biya shi nan take kar ki raina shi, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, dan barinsa na iya jawo cajin makara.

Shawarata anan a fili take: ki daina turawa mutum kuɗi da katin bashi, ko ƙaninki ne ko waye. Ki haɗa manhajar da asusun bankinki kai tsaye ko da ragowar kuɗin da ke cikin manhajar, yawanci wannan hanyar ko kyauta ce ko cajinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma babu ruwa tunda kuɗinki ne ba bashi ba. Haka ma loda kuɗi cikin walet da katin bashi, ko siyan kuɗin kirifto, bankuna da yawa sahun zarar tsaba suke saka su. Sannan ki shiga saitin manhajar ki duba wane kati ne aka saka a matsayin na farko, dan mutane da yawa basu ma zaɓi katin bashin ba, manhajar ce ta ɗauko shi saboda shi aka saka ƙarshe ko kuma dan kuɗin asusun basu kai ba sai ta faɗa kan na ko-ta-kwana. Ki kira bankin ki tambaye su kai tsaye, in na tura kuɗi ta manhaja kaza da wannan katin, siyayya kuke ɗaukarsa ko zarar tsaba? Ki kuma tambaya ko zasu iya rage miki iyakar zarar tsabar zuwa mafi ƙanƙanta, wasu bankunan suna yarda, in aka yi haka ko kin manta kin danna sai dai abun ya ƙi tafiya, kuma gara ya ƙi tafiya da ya tafi da caji.

Baki ambaci canji ba amma in dai kina siyayya daga waje nasan yana cinki ko baki lura ba. Idan kuɗin da mai kaya ya sa farashi da shi daban ne da kuɗin katinki, dole wani ya canza, tambayar kawai waye zai canza. Manhajar zata so ita tayi, sai ta nuna miki farashin da kuɗin da kika saba da shi, kiji daɗi kin san nawa ne daidai, amma a cikin farashin canjin ta ɓoye ribarta, PayPal alal misali tana ɗora kusan kashi 3 zuwa 4 akan asalin farashin canji. Irin wannan tayin a shafukan 'yan kasuwa da injinan kati ana ce masa DCC. Ɗaya hanyar kuma ki bar kuɗin a yadda mai kaya ya rubuta shi, sai Visa ko Mastercard su canza da nasu farashin wanda yawanci ya fi kusa da na kasuwa, bankinki kuma ya ɗora cajin mu'amalar waje idan yana da shi, galibi kashi 1 zuwa 3. Abun takaicin shine wasu bankunan suna cire wannan cajin na waje ko da manhajar ta riga ta canza, saboda su abinda suke kallo shine ƙasar da ɗan kasuwan yake, kinga an caje ki sau biyu kenan akan abu ɗaya. Ni dai a nawa ganin, a mafi yawan lokuta biya da kuɗin mai kaya ya fi. Zaɓin yana nan a shafin ƙarshe kafin ki danna biya, ɗan ƙaramin rubutu ne kusa da farashin canjin, sai kin nema. Amma ki gwada da kanki dan bankuna ba ɗaya suke ba, Visa da Mastercard duk suna da wajen lissafin canji a shafukansu, ki saka adadin ki ƙara kason bankinki ki kwatanta da abinda manhajar ta nuna.

Yanzu cirewa ukun nan. Ki kwantar da hankalinki ki buɗe manhajar bankin ki duba da kyau, shin an rubuta musu fendin ne wato suna jira, ko sun zauna a matsayin an gama? Biyan kati mataki biyu ne. Da farko banki yana riƙe kuɗin ne kawai ya ajiye gefe, daga baya ɗan kasuwa ya zo ya karɓa. Akan samu banki ya amince ya riƙe, amma manhajar ta ƙi ƙarasawa saboda wani abu bai yi daidai ba, sai ke kiga "biya bai shiga ba" ga kuma alat ya shigo. Kowace dannawa riƙewa ce sabuwa. Irin waɗannan da kansu suke sakewa, yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa sati, wani lokacin su kai wata guda. In haka ne ba abinda kika rasa sai dai iyakar katin da ta ragu na ɗan lokaci. In kuwa duk ukun sun zauna, toh an caje ki da gaske, ki fara da mai kayan, ki tura masa sikirinshot mai ɗauke da rana da adadi da lambar mu'amala ki nemi ya mayar da biyu. Kuma ki sani mayar da kuɗi kan katin bashi na iya ɗaukar har kwana 30, sannan in da canji a ciki abinda zai dawo ba lallai ya zo daidai da abinda ya fita ba dan farashin ranar mayarwa ake bi.

Na taɓa yin irin wannan kuskuren nima, shafi ya tsaya yana juyawa na sake dannawa, sati guda ina jiran kuɗi su saku a lokacin da nake matuƙar buƙatarsu, tun ranar na koyi abu ɗaya: in aka ce bai shiga ba, sai na duba imel da manhajar banki da tarihin manhajar biyan kafin in sake taɓa komai. Sauri ya haifi nawa. Kuma yawancin abinda ke sa biya ya ƙi shiga ƙananan abubuwa ne, adireshin da kika saka a manhajar bai zo ɗaya da wanda banki ke da shi ba, ko suna ya bambanta, ko an sabunta kati ranar ƙarewa da lambobi ukun baya sun canza baki gyara ba, ko banki ya kulle siyayyar waje sai kin buɗe, ko OTP ya makara har lokacinsa ya wuce, ko kin kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye ainihin inda kike, sai tsarin yaga kamar daga wata ƙasa wani ke amfani da katinki. Yawan gwadawa a jere kuma shi kansa yana sa a ɗauke ki a matsayin ɓarawo a kulle katin gaba ɗaya.

In mai kaya ya ƙi amsawa kina da ƙofa biyu, kuma kowacce da wa'adinta. Ta farko shigar da ƙorafi a cikin manhajar, a PayPal misali in kaya basu iso ba kwana 180 ne daga ranar biya, in kin buɗe kuma kwana 20 gareki ki ɗaga shi zuwa gaba in baku daidaita ba, in kika bari ya rufe da kansa shikenan. Ta biyu ta banki ce, ki ce kina jayayya da cajin su janyo miki kuɗin, a tsarin kamfanonin kati yawanci kusan kwana 120 ne, a dokar Amurka ta 1974 kuma kwana 60 ne daga ranar da aka aiko takardar da kuskuren ya fito a ciki. Kowace ƙasa da nata, ki tambayi bankinki naki wa'adin yau ba gobe ba. Kar ki buɗe duka biyun lokaci guda, dan da zarar kin kai banki manhajar takan rufe nata ƙorafin. Sannan ga abinda nake so kowa ya ji: in mai sayar da kaya yace ki tura masa ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai wai dan a kaucewa caji, ki ƙi. Wannan ɓangaren ba shi da kariyar mai siye, in kaya basu zo ba ba mai saurarenki, ga shi kuma cajin ya dawo kanki. A Ingila ma akwai sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 da ya ɗorawa mai bada kati alhaki akan siyayyar da ta haura fam 100 zuwa fam 30,000, amma saka manhaja a tsakiya na iya yanke wannan kariyar a wasu lokutan. Dan haka in siyayya babba ce kuma shafin amintacce ne, wani lokacin biya da katin kai tsaye ya fi.

Gwajin kyautan nan kuwa mai sauƙi ne. Goge manhajar kamfanin daga waya baya soke komai, daina amfani ma baya sokewa. Ki shiga asusunki na kamfanin ki soke, ki ajiye imel ɗin da ya tabbatar, sannan ki shiga saitin manhajar biyan inda ake jera masu cirewa ta atomatik ki cire musu izini daga can ma. Ina kyautata zaton zaki tarar da wasu da kika manta dasu. Ki rubuta musu ki nemi su mayar miki ko na watan ƙarshe ne tunda baki yi amfani ba, wasu suna mayarwa. Nan gaba ranar da kika shiga gwaji ranar zaki saka tuni a waya, kwana biyu kafin ya ƙare.

Akwai abu ɗaya da ke bani tsoro a halin da kike ciki, dan mai neman kuɗinsa da ya maƙale shine naman 'yan damfara. Kar ki nemi lambar kwastoma kiya a soshiyal midiya ko ki rubuta ƙorafi a fili sannan wani ya biyo ki inbos yace shi ma'aikaci ne. Lambar da ke bayan katinki da wajen taimako na cikin manhajar kaɗai zaki bi. Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ki OTP ko fin ko lambobin bayan kati wai dan ya mayar miki da kuɗi, mayarwa bata buƙatar ko ɗaya. Haka imel da zai ce asusunki ya samu matsala ki danna nan, kar ki danna, ki buɗe manhajar da hannunki ki duba.

Sai maganar maigidanki, wadda nasan ita ce ta fi hanaki bacci ba kuɗin ba. Ƙanwata ki faɗa masa. Abinda kika yi ba abin kunya bane, ƙaninki kika taimaka, kayan aiki kika siya, rashin sani ne ya jawo caji, kuma ciki da gaskiya wuƙa bata huda shi. Ya ji daga bakinki ya fi ya tsinta a alat ko a takardar banki, dan a lokacin ba maganar caji za'a yi ba maganar ɓoyewa za'a yi, ita kuma ta fi wuyar gyara. Amma kar ki je masa da kuka da "sun cinye min kuɗi", ki fara zama da takardun wata huɗun nan ki ware su, wannan cajin manhaja ne, wannan na banki, wannan fendin ne zai dawo, wannan na soke shi. In yace ai na faɗa miki, ki yi haƙuri ki bar shi ya faɗa, yana da gaskiya a tsoron da yaji. Daga nan ku yanke tare ko katin zai zauna. In zai zauna ki bar shi na siyayya kawai, ki kunna alat na kowace cirewa, ki saita biyan cikakken bashi ta atomatik ba mafi ƙarancin da suke rubutawa ba. In kuma kun ga hankalinku ya fi kwanciya babu shi, ki jira riƙaƙƙun kuɗin su saku, ki biya komai ya koma sifili, ki cire shi daga manhajar, sannan ki sa banki su rufe su baki shaida a rubuce.

Gobe da safe ki fara da kiran bankin. Ki tambaye su matsayin cirewa ukun, ki tambayi wa'adin jayayya, kuma ki roƙe su ko zasu yafe miki cajin zarar tsabar tunda karo na farko ne kuma baki taɓa makara ba. Ba dole bane su yarda amma akan dace. Ki rubuta rana da lokaci da lambar ƙorafin da suka baki, in kwana goma suka wuce fendin ɗin basu saku ba ki sake rubuto min da abinda suka ce. Allah ya mayar miki da alheri, ki gaida ƙanin naki.